Yadda na raini gajeren holi a jan yumɓun Jojiya

Da hannu ɗaya na tumɓuke shi, ko shebur ban ɗauko ba. Na kama gindin na ja, sai ya biyo ni salin-alin da dunƙulen ƙasarsa, har yanzu a siffar tukunyar robar da aka sayar mini da shi, kamar ba wata uku ya yi a rami ba. Nan da nan ruwa ya tsatso ya cika gurbin, yana wari irin na kwata. Da na fasa dunƙulen, saiwoyin da ya kamata in tarar farare duk sun yi baƙi, in ka murza ɗaya sai fatar ta saɓule ta bar maka zare a hannu. Shi ne holi na uku da ya mutu a cikin biyar, a watan Satumba na 2021, a gaban gidanmu da ke wata unguwa a gefen Atlanta, jihar Jojiya ta Amurka.

Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, domin ni ɗan lambu ne. A Funtuwa na tashi, kuma tun ban isa ɗaukar cikakken bokiti ba nake bin mahaifina fadama. Tumatir, albasa, attarugu, dashen mangwaro da gwaiba, babu wanda hannuna bai taɓa ba. Sai ga shi wani ɗan tsiro da bai kai gwiwata ba, wanda ake gani a gaban kowane gidan mai da kowane banki a garin nan ba mai ko kallonsa, yana mutuwa a hannuna ɗaya bayan ɗaya.

Wanda bai zauna a ƙasashen sanyi ba zai iya cewa mene ne holi. Suna ne na wani babban dangin itatuwa, iri ɗaruruwa, masana na kiran dangin Ilex. Wanda aka fi sani shi ne na jikin katin Kirsimeti, mai ganye da ƙaya da jajayen 'ya'ya. Amma waɗanda ake jerawa a gindin bango a kudancin Amurka gajeru ne, a dunƙule suke kamar an kife kwando, ganyensu bai wuce farcen ƙaramin yatsa ba, ya fi na lalle ƙanƙanta da kauri, kuma ba ƙaya. Darajarsu ɗaya ce: ba sa zubar da ganye. A nan daga Disamba zuwa Fabrairu ciyawar ƙofar gida takan bushe ta koma launin buhu, manyan itatuwa su tsaya tsirara. Hunturunmu na farko a gidan uwargida ta leƙa ta taga ta ce, "Maigida, gidan nan kamar kango. A samo mana wani abu kore mana, amma kada ya rufe mini taga." Ga kuma ƙungiyar masu gidaje ta unguwa, wadda ke da dokokinta a kan yadda gaban gida zai kasance. To daga nan na shiga neman holi.

A watan Yuni na sayo, rana tana tsakiyar ƙarfinta. Ban tambayi kowa ba. Na ga jerin tukwane, na zaɓi biyar da suka fi sheƙi, irin da ake kira holin Japan, Ilex crenata. Na zo na haƙa ramuka yadda muke haƙa wa mangwaro, masu zurfi har gwiwa. Ƙasar ja ce wur, mai danƙo, sai da na sa diga. Na kwashe ta gefe saboda a ganina ba ta da amfani, na cika ramukan da baƙar ƙasa ta buhu mai laushi, na zaunar da kowane dashe ƙasa-ƙasa, na yi masa ɗan gurbi kewaye don ruwa ya tsaya. Sannan na kama ban-ruwa safe da yamma, kafin in fita aiki da bayan na dawo, ban taɓa fashi ba.

Duk abin da na lissafa ɗin nan, a jigawar gida da rani daidai ne. A nan kuwa kowannensu wuƙa ce. Yumɓun Jojiya ba ya shan ruwa da sauri, kuma bakin shebur yana goge bangon ramin ya yi sumul kamar yadda maginiya ke goge cikin tukunya. Randa biyar na gina a ƙasa, na zuba musu soso, na tsoma saiwa a ciki. Atlanta kuma tana samun ruwan sama kusan milimita 1,270 a shekara, ba a wata huɗu kamar namu ba, a'a, duk shekara, kuma a Yuli da Agusta hadari kan taso da la'asar ya zubar kamar da bakin ƙwarya. Indararon rufin gidan ma a daidai kan na farko da na biyu yake tsiyaya, ban lura ba.

Ganye ya fara komawa ruwan ɗorawa, sannan rassa suka riƙa bushewa ɓangare-ɓangare. Abin da ya yaudare ni shi ne, shukar da ruwa ya shaƙe da wadda ƙishi ya kama, kamanninsu ɗaya ne daga sama. Saiwa in ta ruɓe ba ta iya jan ruwa, sai ganye ya yi yaushi alhali gindin yana cikin taɓo. Ni kuwa da na ga yaushi sai na ƙara ruwa. Da abin ya ƙi, na watsa takin zamani.

Wata dattijuwa maƙwabciyarmu, wadda ta fi shekara 30 a layin, ita ta tsaya ranar da na tumɓuke na ukun. Ba ta ce komai ba tukuna, ta durƙusa a gindin na huɗu ta cusa yatsa a ƙasa, ta fito da shi da laka har gaɓa ta biyu, ta nuna mini. Ta ce in zuba gawar a leda, in haɗa da samfurin ƙasa, in kai ofishin malaman gona na Jami'ar Jojiya da ke gundumarmu. Irin wannan ofis yana ko'ina a jihar, kuma ba manoma kaɗai yake yi wa aiki ba, har mai tukunyar fure ɗaya suna saurarensa. Na ɗebo ƙasa daga wuri shida ko bakwai a gefen bangon, zurfin kamar tafin hannu, na gauraya a bokiti mai tsabta, na shanya ta, na kai.

Malamar da na tarar ta juya saiwoyin a tafinta ta ce ruɓewar saiwa ce. Ta bayyana mini cewa holin Japan ya yi suna da rashin jure jiƙaƙƙiyar ƙasa, akwai wata cutar fumfuna da ke baƙanta masa saiwa, kuma takan zauna a ƙasar bayan an cire shi, don haka kada in mayar da irinsa wurin. Ta ce in ina son siffar nan, in nemi wani irin holin da ake kira gajeren yofon. Shi ɗan ƙasa ne, tun fil azal yake fitowa da kansa a kudu maso gabashin Amurka, daga gaɓar Bajiniya zuwa Fulorida har Tekzas, ya san zafin nan da ruwan nan. Bayan kamar mako guda sakamakon ƙasar ya zo ta imel: ma'aunin tsamin ƙasa, wanda suke kira pH, ya nuna 5.6. Holi yana son ƙasa mai ɗan tsami, saboda haka ba a ce in zuba farar ƙasa ba. Ƙasar da na raina na kwashe gefe ba ta da laifi.

A daren na kira gida. Na ba Baba labari tun daga farko, ina jiran ya ce shukar Turawa ce, sai su. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ƙasar wurin, jigawa ce ko laka?"

Na ce, "Laka ce, Baba. Ja, mai danƙo."

Ya ce, "To kai ɗan nan, a laka ka taɓa ganin na binne dashe? A ƙasan fadama, inda ruwa ke kwana, ba kunya muke tayarwa ba? Rogon nan da dankali a kan me suke?"

Na ce a kan kunya.

"To je ka tayar da kunya."

Na daɗe a zaune bayan mun yi sallama. Abin da malamar jami'a ta faɗa mini da takarda, shi ne abin da na yi shekaru ina gani da idona a gonarmu. Na ɗauko yadda Baba ke haƙa rami da yadda yake ban-ruwa, na baro abin da yake fara yi kafin duka biyun, wato ya dunƙula ƙasar a hannu ya gani.

Na jira har ƙarshen Oktoba. A Jojiya wannan ne lokacin dashe: iska ta yi sanyi, ƙasa kuwa da sauran ɗumi, saiwa za ta yi ta tafiya a ƙarƙashi duk hunturu kafin zafin baɗi ya zo ya nemi haƙƙinsa. Kafin in sa diga na kira lambar 811, abin da ban yi ba a karon farko, kuma Allah ne ya kiyaye. Kyauta ne, cikin 'yan kwanaki aka zo aka fesa fenti aka kafa ƙananan tutoci a kan hanyar bututu da wayoyi: rawaya ta iskar gas, ja ta lantarki, shuɗiya ta ruwan sha, mai launin ruwan lemo ta wayar sadarwa. Layin ruwan lemon bai fi taki ɗaya ba daga ramin da na haƙa a Yuni.

Na tumɓuke ragowar biyun, na kwashe baƙar ƙasar buhun da ke ramukan na fitar. Na yi gwajin da aka koya mini: rami mai zurfin santimita 30, a cika shi da ruwa, a bari ya tsane, a sake cikawa a duba agogo. Washegari da safe da sauran ruwa a ciki. Shi ke nan, magana ta tabbata. Na sa wa indararon doguwar roba ta kai ruwan can tsakiyar ciyawa. Sannan maimakon rami biyar, na kafce gefen bangon gaba ɗaya, tsawon kusan mita 6, faɗin mita ɗaya da rabi, na farfasa hogen jan yumɓun, na gauraya shi da niƙaƙƙen ɓawon itacen fayin, wani dogon itace mai ganye kamar allura, na tayar da wurin ya ɗara ciyawa da kamar santimita 15. Asabar biyu aikin ya ci, da baro da shebur da manjagara. Dalilin kafce wurin duka shi ne kada saiwa ta ga bambanci tsakanin ƙasar raminta da ta waje, ta ƙi fita, ta yi ta zagaye a ciki.

A jikin takardar sababbin tukwanen an rubuta Ilex vomitoria, sai kuma Nana. Autarmu ta karanta ta ce ai sunan 'yan mata ne, na gida. A Latin ma'anar kalmar wada, wato gajeren iri, amma tun daga ranar a gidanmu su Nana ake ce musu. Wannan karon a wurin sayarwa sai da na zare kowanne daga tukunyarsa na duba saiwa. Na mayar da biyu da na ga sun nannaɗe kamar gammo, na ɗauki masu fararen saiwoyi da ba su cushe ba.

Dashen kansa a nan hankali yake. Kowane rami faɗinsa ya ninka na dunƙulen sau biyu zuwa uku, amma zurfinsa bai kai tsayin dunƙulen ba. Na share ƙasar saman tukunya da yatsa har na ga wuyan, inda kara ke buɗewa ya zama saiwa, domin sau da yawa tun a gandun reno an riga an binne shi. Na tsaga gefen dunƙulen da wuƙa wuri huɗu daga sama zuwa ƙasa, na warware saiwoyin da suka fara kewaye. Na zaunar da shi a kan ƙasa mai tauri, na gitta ƙotar shebur a bakin ramin don in auna, sai da wuyan ya ɗara ƙotar da yatsa biyu. Na mayar da ƙasar wurin, ban taka da ƙafa ba, da ruwa na zaunar da ita. Taki ko ƙwaya ban sa ba.

Tazara ta jawo 'yar muhawara. Na bar santimita 120 tsakanin kowanne da ɗan'uwansa, da kusan mita guda daga bango. Uwargida ta fito ta ga 'yan ƙwallaye biyar a filin Allah ta ce, "Haba Maigida, wannan ai kamar haƙoran tsoho. A ƙaro uku mana." Na nuna mata takardar: irin nan a hankali yake girma, amma in ya manyanta yakan kai mita ɗaya ko fiye a tsayi, faɗinsa kuma ya fi tsayinsa. Wanda ya cusa su don su cika ido yau, shi zai yi ta yanka har abada, iska ba ta ratsa su, jikin bango kuma ba ya bushewa. Ta haƙura, ta cike gurbin da furannin hunturu a shekarar farko. A ƙarshe na shimfiɗa busasshen ganyen fayin, wanda a nan ake sayarwa dami-dami, kauri kamar yatsa uku, na janye shi daga jikin kara da faɗin tafin hannu.

Ban-ruwa shi ne inda na fi shan wahalar kaina. Hannuna ya saba, in na fito da safe sai in ji mesa tana kirana. Na kafa wa kaina doka: ba na buɗe famfo sai na cusa yatsa a cikin dunƙulen kansa, ba a ƙasar gefe ba, saboda ƙasar tukunya takan bushe alhali yumɓun da ke kewaye da ita yana jiƙe. Makonni biyun farko kusan duk kwana biyu ko uku yake nema. Daga nan sau ɗaya a mako, in ba a yi ruwan sama ba. Nakan ajiye bakin mesa a gindi, ruwa na zuba siriri kamar na buta, in ƙirga mintuna, in matsa gaba. A Disamba da Janairu kusan ban taɓa mesar ba.

Duk hunturun ba su motsa ba, ko ganye ɗaya. Kullum in na dawo sallar asuba sai na haska su da fitilar waya. Sai a ƙarshen Maris na ga kan kowane reshe ya fito da toho, ɗanye shar, mai haske fiye da tsohon ganye, har shukar ta zama launi biyu. Na kira mutanen gidan duka suka fito a sanyin nan. A lokacin na ba su taki karon farko, irin mai narkewa a hankali da ake yi don shukoki masu son ƙasa mai tsami, rabin abin da aka rubuta a jikin buhu, a warwatse nesa da kara. Tun daga nan sau ɗaya nake ba su a shekara, wata shekarar ma in ganye ya yi duhu sosai ba na bayarwa. A Afrilu sukan yi wasu 'yan fararen furanni da sai ka sunkuya za ka gani, amma ƙudan zuma ba ya ɓatan hanyarsu.

Jarrabawa ta zo a Disamba 2022. Ana gobe Kirsimeti sanyi ya sauka a Atlanta har digiri 13 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salsiyos, bayan kwanakin da ba su da wani sanyi, shukoki ba su shirya ba. Bututun ruwa suka yi ta fashewa a gari. Da na ji sanarwar tun kafin ya iso, na shayar da su sosai, don jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya riƙe ɗumi, na ƙara musu ganyen fayin. Bayan mako guda unguwa ta zama kamar gobara ta bi ta, shinge da yawa sun ƙone sun yi baƙi. Su Nana kan rassansu ya yi ja-ja, biyun da ke bakin iska suka zubar da ganye kaɗan. Na ɗauko almakashi, sai ga dattijuwar nan. Ta karɓi reshe ɗaya ta kankare ɓawon da farce, ta nuna mini kore a ƙarƙashi. Ta ce in mayar da almakashin ɗaki sai Maris, shukar da kanta za ta nuna inda ta mutu da inda take raye. Haka aka yi. Da toho ya fito, abin da na yanke bai cika tafi biyu ba.

A shekarar 2023 na sake yin kuskure, wannan karon na ido. Na ga yadda masu gyaran harabar kamfanoni ke aske su sumul kamar ƙwallo, ya burge ni, na aro injin aski na lantarki na bi su sau uku tsakanin Mayu da Agusta. Daga nesa sun yi kyau. Amma da na buɗe ɗaya da hannu, sai na tarar ganyen duk a fatar waje yake, kauri bai fi yatsa biyu ba, ciki kuwa tsinke ne zalla a duhu. Kowane aski yana sa kan reshe ya rabu biyu ko uku, har saman ya toshe, haske ya daina shiga. Ga shi kuma ɗanyen tohon da aski ke jawowa shi wani ɗan ƙuda ke so. Yakan saka ƙwai a ganye, tsutsar ta yi ta cin cikinsa tana barin wani siririn layi mai karkacewa kamar rubutun yaro a allo. Ba ta kashe shuka, amma tana ɓata ta. Na tsinke ganyen da abin ya shafa na zuba a shara, ban yi feshi ba.

Yanzu da ƙaramin almakashin hannu nake gyara, sau ɗaya a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris. Ina bin reshen da ya zarce 'yan'uwansa, in zura hannu ciki, in yanke shi a inda ya rabu da uwarsa. Nan da can in buɗe 'yar taga don rana ta shiga. Ƙasan kuma ina barinsa ya fi sama faɗi, kada inuwar sama ta kashe na ƙasa. Daga Agusta ba na taɓa su, don tohon da ya fito a makare sanyi ke cinye shi. Abu guda da ya kamata mai yara ya sani: rassan yofon suna da gautsi. Ƙwallon yara ta faɗa a kan na tsakiya ta karya masa reshe uku, ramin sai da ya shekara kafin ya cike.

Uwargida ce ta tayar da maganar 'ya'ya. Ta ce an ce holi yana jajayen 'ya'ya, nata ina suke? Holi kamar dabino yake da gwanda, akwai namiji akwai mace, macen ce ke haihuwa, kuma yawanci sai da namiji a kusa. Gajerun yofon ba a cika ganin 'ya'ya a jikinsu ba, wani irinsu ma mai suna Schillings namiji ne gaba ɗaya. Namu dai ba su taɓa yi ba. Don haka a Oktoba 2023 na dasa mata wani daban a kusurwar gida, gajeren Burford, wanda asalin danginsa daga Sin da Koriya ne. Shi ganyensa babba ne mai sheƙi kamar an shafa mai, da ƙaya ɗaya a baki, kuma yana yin 'ya'ya ko babu namiji. Sunan ma na garin nan ne: a maƙabartar Westview ta Atlanta aka fara lura da uban irin, aka sa masa sunan mai kula da wurin, Thomas Burford. Sai dai kada kalmar gajere ta ruɗi kowa. Gajere ne in an gwada shi da babbansa, amma yana iya wuce tsayin mutum, shi ya sa ban sa shi ƙarƙashin taga ba.

Shi ne kuma ya kawo mini ƙwari na gaske. A shekararsa ta farko na ga saman wasu ganye ya yi ɗigo-ɗigon rawaya. Da na juya bayansu sai na ga fari-fari kamar an barbaɗa toka, da wasu 'yan ƙuraje masu ruwan ƙasa a manne. Ƙananan ƙwari ne masu sulke da ke liƙewa suna tsotson ruwan ganye. Na yanke rassan da suka fi kamuwa, na fesa man feshin itatuwa da ake gaurayawa da ruwa, wanda ke toshe musu numfashi, ina bin bayan ganye ɗaya-ɗaya, da sanyin safiya, ba a rana mai zafi ba kuma ba lokacin fure ba saboda zuma. Sai da na maimaita kafin suka lafa. 'Ya'yan suna nuna a Nuwamba su kai har ƙarshen hunturu, kuma na gargaɗi yara tun farko cewa ba a ci, suna sa amai da gudawa. Na tsuntsaye ne. Wata safiya a Fabrairu garkensu ya sauka, kafin mu gama karyawa sun share shi tas.

Maganar amai ta kai ni ga sunan yofon na Latin, wanda ya daɗe yana damuna. Vomitoria daga kalmar amai take. A 1789 sunan ya fito, a hannun William Aiton, mai kula da lambun Kew na Ingila, bayan Turawa sun ga 'yan asalin ƙasar nan suna shan wani baƙin jiƙo na ganyen a bukukuwan tsarkake jiki da ake amai a cikinsu. Ganyen kansa ba ya sa amai. Abin da ke cikinsa sinadarin kafeyin ne, irin na goro da gahawa, kuma ɗan'uwan ganyen mate ne da ake sha a Ajantina da Faragwai. Mutanen wannan ƙasa sun yi ɗaruruwan shekaru suna shansa kafin zuwan Bature, sunan yofon ma daga harshen Katoba, wata ƙabila cikinsu, ya fito. Yana ba ni takaici in ga itace mai irin wannan tarihi an mayar da shi adon bakin gidan mai, da suna mai ɓata shi.

Tunda ban taɓa fesa wa su Nana komai ba, na gwada. Abin da na yanke a gyaran Maris na tsinke ganyensa, na wanke, na shanya a faranti kwana biyu, na gasa a tanda har ya koma ruwan ƙasa gidan ya ɗauki ƙamshi kamar na soyayyen hatsi, na murtsuke shi da hannu. Cokali ɗaya a kofin tafasasshen ruwa. Ba shi da baurin baƙin shayi ko ya daɗe a ruwa. Amma wanda zai gwada ya tabbatar yofon ne a gabansa, ganye kaɗai ban da 'ya'ya, kuma wanda ba a yi wa feshi ba, domin akwai shukokin shinge masu kama da shi da ba a sha. Ganyen Burford ba ya cikin wannan magana.

Da na je gida bara na tafi wa Baba da kwalba ɗaya. Aka dafa masa bayan la'asar, ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya ce a ƙara citta da kanumfari. Sannan ya ce in nuna masa itacen. Na buɗe hoto a waya: su biyar sun kai cinya, gefensu ya fara taɓa juna, taga a buɗe a samansu. Ya karɓi wayar ya nisanta ta da ido, ya sa jikansa ya buɗa masa hoton da yatsa, ya bi su ɗaya-ɗaya. Ya ce kunyar ta yi. Da ya zo kan na huɗu ya tsaya.

"Wannan ciyawar ta rufe masa wuya. In ka koma ka janye ta."

Washegarin dawowata, tun ban kwance jaka ba, na durƙusa a gindin na huɗu na zura hannu. Ganyen fayin da nake ƙarawa kowace shekara ya taru ya hau kara da kusan yatsa uku, ɓawon wurin ya jiƙe ya yi duhu, har wasu siraran saiwoyi sun fara fitowa a cikin ciyawar. Na janye ta, na tsinke saiwoyin, na bar wuyan a buɗe ya sha iska, sannan na bi sauran huɗun.